Dokar Ohm: Lissafin Da Ke Tsakanin Soket Da Gobara

Idan hunturu ya kankama, sanyin asuba ya fara ratsa ƙashi, ba ɗakin da ba a neman ruwan zafi a cikinsa. A ɗakunan kwanan ɗalibai, da shagunan teloli, da gidajen haya, sau da yawa soket ɗaya tak ke jikin bango, saboda haka sai a sayo doguwar waya mai baki uku ko huɗu a jona. Wannan ya sa hitar dafa ruwa, wancan ya sa dutsen guga, na uku kuma ya kawo rishon lantarki zai ɗumama abinci. Kowa ya sami ramin da zai soka nasa, wuta kuma ta kawo, ba wanda ya ga abin damuwa. Bayan ɗan lokaci sai a fara jin ƙaurin roba, in an taɓa wayar a ji ta ɗau zafi har ta yi laushi. Wani lokaci a farga a cire, wani lokaci kuwa sai an ga hayaƙi.

Abin da ke faruwa cikin wannan waya ana iya lissafa shi tun kafin a kunna komai. Lambobin da ake bukata suna rubuce a jikin kayan, lissafin kuwa bai wuce ninkawa da rabawa ba, waɗanda kowane ɗalibin ajin farko na sakandare ya iya. Abin da ya rage kawai shi ne a san abin da lambobin ke nufi, da yadda suke da dangantaka da juna.

Abubuwa uku da ake aunawa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wutar lantarki ita ce a kwatanta ta da ruwan tankin da aka ɗora a kan hasumiya. Gwargwadon tsawon hasumiyar, gwargwadon ƙarfin da ruwa ke turo kansa cikin bututu. Irin wannan turi a fannin lantarki shi ake kira matsi, ana auna shi da bolt, alamarsa kuwa V. Batirin tocila yana ba da bolt 1.5, batirin mota bolt 12, soket ɗin gida a Nijeriya kuwa kimanin bolt 230.

Abu na biyu shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta bakin famfo a cikin kowace daƙiƙa. A cikin waya, ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ilektoron ke tafiya, kuma yawan waɗanda ke wuce wani wuri a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne kwarara. Ana auna ta da amfiya, alamarta I. Idan an ce amfiya ɗaya na bin waya, ana nufin ilektoron kimanin biliyan shida sau biliyan ɗaya suna wucewa a kowace daƙiƙa.

Abu na uku shi ne bututun kansa. Siririn bututu, ko dogo, ko wanda tsatsa ta cushe, yana tauye ruwa komai tsawon hasumiya. Haka kowane abu yake tauye lantarki gwargwadon irinsa da tsawonsa da kaurinsa. Wannan tauyewa ita ce turjiya, ana auna ta da om, alamarta R, alamar ma'auninta kuma Ω. Jan ƙarfe da sanholo turjiyarsu kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa ake yin waya da su. Roba da tangaran kuwa turjiyarsu ta kai maƙura, shi ya sa ake rufe waya da roba, ake kuma rataye wayoyin turakun wuta a jikin tangaran.

Malamin sakandare daga Jamus

Mutumin da ya gano yadda waɗannan abubuwa uku suke haɗe shi ne Georg Simon Ohm, wanda aka haifa a garin Erlangen na ƙasar Jamus a shekarar 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa lissafi, sa'an nan ya koyar da 'ya'yansa. Daga shekarar 1817 Ohm ya zama malamin lissafi da fiziks a wata makarantar sakandare a birnin Kolon, kuma a ɗakin gwaje-gwajen makarantar ya yi bincikensa.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Batirin da Alessandro Volta ya ƙirƙiro a shekarar 1800 ƙarfinsa kan yi ta sauyawa ana cikin gwaji, ba a samun awon da za a dogara da shi. Sai Ohm ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayar kuma cikin ƙanƙara. Bambancin zafin nan ya ba shi matsin da ba ya sauyawa. Ya riƙa jona wayoyi masu tsawo dabam-dabam, yana auna kwarara ta hanyar duba yadda allurar maganaɗisu ke karkata a kusa da wayar. A shekarar 1827 ya wallafa sakamakon a cikin littafi a birnin Berlin.

Manyan malaman Jamus na lokacin ba su karɓi aikin hannu biyu-biyu ba, har Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon, ya yi shekaru cikin ƙunci. Sai a shekarar 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar girmamawa ta Copley, a 1852 kuma ya zama farfesan fiziks a Jami'ar Munich, shekara biyu kacal kafin rasuwarsa a 1854. A babban taron masana lantarki da aka yi a Paris a shekarar 1881 aka amince da bolt da amfiya da om a matsayin ma'aunai na duniya, don tunawa da Volta na Italiya, da Ampère na Faransa, da shi Ohm.

Yadda ake lissafin turjiya

Dokar Ohm ta ce, muddin zafin waya bai sauya ba, kwararar da ke bin ta tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar matsi. In an ninka matsi sau biyu, kwarara ma ta ninka sau biyu. A rubuce, dokar ita ce V = I × R. Daga nan ake samun R = V ÷ I, da kuma I = V ÷ R. Wato duk wanda ya san biyu daga cikin ukun, zai iya fitar da na ukun.

Alal misali, tocila mai batiri biyu tana da matsin bolt 3. Idan aka auna aka ga amfiya 0.3 ke bin ƙwanta, to turjiyar ƙwan ita ce 3 ÷ 0.3, wato om 10. Haka kuma dutsen gugar da ke jan amfiya 5 daga soket mai bolt 230, turjiyarsa ita ce 230 ÷ 5, wato om 46. Babbar butar lantarki mai jan amfiya 10 kuwa turjiyarta om 23 ce. A nan ya kamata a lura da wani abu da kan ruɗa ɗalibai: kayan da suka fi cin wuta su ne masu ƙarancin turjiya, domin su ne suka fi buɗe wa lantarki hanya.

Yadda ake lissafin iko

Turjiya ba ta bayyana yawan aikin da na'ura ke yi. Abin da ke bayyana wannan shi ne iko, wato yawan makamashin da na'ura ke sarrafawa a cikin kowace daƙiƙa. Ana auna shi da wat, don tunawa da James Watt, mutumin Sikotilan da ya inganta injin tururi, alamarsa kuwa P. Ruwan da ke faɗowa yana juya inji gwargwadon tsawon inda ya faɗo da kuma yawansa. Haka abin yake ga lantarki: iko shi ne matsi sau kwarara, P = V × I.

Ƙwan tocilar nan ikonsa 3 × 0.3 ne, wato wat 0.9. Dutsen gugar kuwa 230 × 5, wato wat 1,150, ita kuma butar lantarki wat 2,300. Sau da yawa ma ikon ne ake rubutawa a jikin kaya, tare da matsin da aka yi su dominsa, sai mai amfani da su ya nemo kwarara da kansa ta hanyar I = P ÷ V.

Wannan lissafi yana nuna abin da ido ba zai nuna ba. Fitilar gaban mota mai wat 60 tana aiki da bolt 12, saboda haka tana jan amfiya 5. Ƙwan fitilar ɗaki mai wat 60 yana aiki da bolt 230, yana jan amfiya 0.26 kawai. Ikonsu ɗaya, amma kwararar da ke bin wayar motar ta ninka ta ɗakin kusan sau goma sha tara. Wannan shi ne dalilin da ya sa wayoyin mota da na batirin sola suke bukatar kauri, ko da yake matsinsu kaɗan ne.

Da ikon ne kuma ake lissafin kuɗin wuta. Abin da mita ke ƙirgawa da sunan yunit shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Telan da ya yi awa biyu dutsen gugarsa mai wat 1,150 na cin wuta ya sha yunit 2.3. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana cinye yunit ɗaya cikin kimanin awa 17, alhali ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusa da na wancan, sai ya yi sama da awa 110 kafin ya ci yunit ɗaya.

Inda zafi ke fitowa

Idan aka haɗa ƙa'idojin nan biyu, aka sa I × R a gurbin V, sai a sami P = I × I × R. Wannan shi ne abin da James Prescott Joule, Baturen Ingila, ya tabbatar ta hanyar gwaji a farkon shekarun 1840: zafin da waya ke fitarwa yana bin kwarara sau kanta. In kwarara ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. In ta ninka sau goma, zafi ya ninka sau ɗari.

Wayar da ke kai wuta ga na'ura ita ma tana da tata turjiyar. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, irin wadda ake sa wa soket a cikin gini, tana da kimanin om 0.007 a kowace mita. Siririya mai murabba'in milimita 0.5 kuwa tana da kimanin om 0.035, kuma amfiya 3 aka yi ta ta ɗauka. Wayar jone mai tsawon mita 10 tana da silin zuwa da na dawowa, wato mita 20 ke nan. Mai kaurin za ta ba da om 0.14, siririyar kuma om 0.7. Idan rediyo da fitila ne kawai a kai, suna jan amfiya 1, siririyar za ta fitar da zafin wat 0.7, wanda ba za a ko ji shi ba. Amma idan amfiya 10 suka bi ta, zafin zai zama 10 × 10 × 0.7, wato wat 70, a inda mai kaurin za ta fitar da wat 14 kacal. In kuma wayar a naɗe take, ko tana ƙarƙashin katifa ko darduma, zafin ba shi da inda zai fita sai ya taru.

Mahaɗar da ba ta ɗauru sosai ba ta fi wannan haɗari. Waya biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, ko fulogin da ke rawa a cikin soket, suna iya samun turjiyar rabin om a wurin haɗuwar. Amfiya 10 a kan rabin om zafin wat 50 ne, duk a wurin da bai wuce kan yatsa ba. Da irin wannan zafi mai gyaran rediyo ke narka dalma.

Daga Kainji zuwa Kano

Ƙa'idar da ke narka roba a ɗaki ita ce kuma ta tsara yadda ake jigilar wuta a ƙasa baki ɗaya. Tashar Kainji da ke kan kogin Kwara, wadda aka kammala a shekarar 1968, da takwarorinta na Jebba da Shiroro, suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga manyan garuruwa irin su Kano. Doguwar waya kuwa turjiyarta na da yawa. A ɗauka, don sauƙin lissafi, ana son aika wat miliyan 100 ta layi guda mai turjiyar om 10. In an aika da matsin bolt 33,000, kwarara za ta kai amfiya 3,030, kuma kusan wat miliyan 92 za su salwanta a hanya, su zama zafi. In kuwa an aika da bolt 330,000, kwarara za ta sauko zuwa amfiya 303, asarar kuma ba za ta kai wat miliyan ɗaya ba. Layukan gaske sili uku ne, lissafinsu ya fi wannan tsawo, amma darasin ɗaya ne. Saboda haka ne manyan layukan Nijeriya ke ɗauke da bolt 330,000 da 132,000, sa'an nan taransifoma su riƙa rage matsin zuwa 33,000, da 11,000, har ya iso gida yana bolt 230.

Idan matsi ya ragu ko ya yi yawa

Akwai siga ta uku ta lissafin iko, wato P = V × V ÷ R, wadda ke amfani idan turjiya ce aka sani. Butar nan mai om 23 tana ba da wat 2,300 a bolt 230. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, matsi ya sauko zuwa bolt 160, ikonta zai zama 160 × 160 ÷ 23, wato kimanin wat 1,113. Matsin bai ragu da kashi ɗaya cikin uku ba, amma ikon ya faɗi ƙasa da rabi, shi ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba.

Akasin haka ke faruwa ga kayan gwanjon da aka yi don Amurka, inda matsin gida yake bolt 120. Rishon da aka rubuta wa wat 1,200 a bolt 120 turjiyarsa om 12 ce. In aka soka shi kai tsaye a soket mai bolt 230, zai ja amfiya 19, ikonsa ya haura wat 4,400, kusan ninki huɗu na abin da aka gina shi ya jure. Ba ya daɗewa yake ƙonewa.

Jikin mutum ma yana bin wannan doka. Busasshiyar fata turjiyarta na iya kaiwa om 100,000, amma in jiki ya jiƙe da ruwa ko gumi tana iya faɗowa zuwa om 1,000. A bolt 230, om 1,000 na nufin amfiya 0.23, alhali na'urar kariya da ake sa wa gidaje an yi ta ta yanke wuta da zarar amfiya 0.03 ta zurare, domin abin da ya wuce haka yana iya rikita bugun zuciya. Bushewar fata ma ba abin dogaro ba ce, don matsi mai yawa yana huda ta. Wannan ne ya sa tsoma hannu cikin bokitin da hita ke ciki don a ji ko ruwa ya yi zafi yake wasa da rai.

Iyakar dokar

Sharaɗin da Ohm ya gindaya, wato kada zafi ya sauya, yana da muhimmanci. Ƙwan fitila mai wat 100 a bolt 230, bisa lissafi, turjiyarsa om 529 ce. Amma wanda ya auna shi yana kashe zai sami abin da bai wuce om 40 ba. Dalili shi ne zaren tangistin da ke ciki yana kai zafin digiri 2,500 a ma'aunin Salshiyas idan yana ci, kuma turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi. A daidai lokacin kunnawa zaren na da sanyi, sai kwarara mai yawa ta afka masa, shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a lokacin da aka danna makunni.

Haka kuma P = V × I tana fitowa daidai ne ga batiri da kayan da zafi kawai suke samarwa, irin su hita da dutsen guga. Kayan da ke da mota a ciki, kamar fanka da firji da injin niƙa, suna jan kwararar da ta fi abin da wat ɗinsu ke nunawa, musamman a lokacin tashi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake rubuta ƙarfin janareta da kVA.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malami na iya maimaita aikin Ohm da kayan da ba su da tsada: batirin tocila uku, da ɗan rezisto mai om 100 irin na cikin tsohon rediyo, da mitar masu gyara mai auna bolt da amfiya. Don auna matsi, ana ɗora bakunan mita biyu a gefe biyu na rezisto. Don auna kwarara kuwa, sai an yanke da'irar an sa mita a tsakani, yadda duk lantarkin zai bi ta cikinta. Da batiri ɗaya za a sami kimanin amfiya 0.015, da biyu 0.030, da uku 0.045. Idan ɗalibai suka zana matsi a gefe ɗaya, kwarara a ɗaya gefen, ɗigogin za su faɗa kan miƙaƙƙen layi, kuma V ÷ I zai riƙa ba da kusan 100 a kowane awo. Da batiri kaɗai ake yin wannan gwaji, ba a kusantar soket ɗin bango da shi.

Komawa ɗakin

Yanzu ana iya lissafa abin da ya faru a ɗakin nan na lokacin hunturu. A ce hitar wat 1,500 ce, dutsen guga 1,150, risho kuma 1,000. Jimla wat 3,650, in an raba da 230 a sami kusan amfiya 16. Fulogi mai ƙafa uku irin wanda aka fi amfani da shi a Nijeriya amfiya 13 ce iyakarsa, wato kimanin wat 3,000. Idan kuma wayar jonen siririyar nan ce mai om 0.7, zafin da take fitarwa ya haura wat 150.

A cikin irin wannan fulogi akwai fis, wato ɗan siririn ƙarfen da aka yi musamman don ya narke ya yanke wuta idan kwarara ta wuce ƙima. Fis ɗin da ya ƙone ya yi aikinsa ke nan, yana kuma sanar da cewa kaya sun yi yawa ko wani abu ya lalace. Wanda ya maye gurbinsa da wayar jan ƙarfe mai kauri ko takardar sigari mai ƙyalli bai rage kwararar da ko ɗigo ba. Ya dai mai da wurin da zai ƙone daga cikin fulogi zuwa cikin bango ko ƙarƙashin gado.

Saboda haka, kafin a ƙara wani abu a kan soket, a juya kowane kaya a karanta wat ɗin da ke rubuce a jikinsa, a haɗa jimla, a raba da 230. In amsar ta wuce 13, ko ta wuce abin da aka rubuta a jikin wayar jonen, to ɗaya daga cikin kayan ya jira ɗan'uwansa ya gama.